Wanda Ya Ci Ladan Kuturu

Jama'a, na san da yawa daga cikinku da sun ga abin da zan yi magana a kai za su kwashe da dariya, su ce wannan ya rasa abin rubutawa sai kare. To, ku yi dariyarku, amma ku ba ni aron hankalinku kaɗan. Ni dai kare ya taɓa sa ni kuka, ya kuma sa mahaifina ya sayar da ragon layyarsa.

Mu Hausawa zamanmu da kare abin mamaki ne. In za mu ci mutuncin mutum sai mu kira shi kare. In kare ya gifta, yaro ya sunkuya ya ɗauki dutse ke nan, tun bai san laifin da ya yi masa ba. Amma da dare ya raba, da ƙarfin haushin karen nan kowa ke sakin jiki ya yi barci. Manomi na so ya korar masa biri daga gona, makiyayi na so ya tsare masa garke, mafarauci kuwa ba ya shiga daji sai da shi. Aikinsa muke so, nauyinsa ne ba mu so. In ya kori ɓarawo, sai ka ji maigida na cewa, "Ai karena ba ya wasa." Ran da ya ciji ɗan maƙwabci kuwa, sai ka ji, "Ba nawa ba ne, nan dai yake kwana." Ni a ganina wannan zalunci ne, kuma ganganci ne. Duk wanda ya bar kare ya kwanta a ƙofar gidansa yana cin moriyarsa, to ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Askin kuwa shi ne ciyarwa, da allurar rigakafi.

Ina aji biyar na firamare na tsinci wani kwikwiyo cikin kwalbati a bayan kasuwarmu, ko tafiya bai iya sosai ba. Don tsananin ramarsa ƙanwata ta raɗa masa suna Tsinke, sunan kuwa ya bi shi har bayan ya yi ƙiba. Baba ya ce ba zai shigo masa cikin gida ba, amma ya yarda ya zauna kusa da turken awaki. Da kunu da jiƙaƙƙen ƙanzo na raine shi, da ya tasa sai tuwo da ragowar miya, ran kasuwa kuma in roƙo masa ƙashi wurin mahauta. Sau ɗaya na ba shi ƙashin dafaffiyar kaza, ya tsage ya maƙale masa a wuya, ya kusa mutuwa. Tun daga ranar ban sake ba. Kaskon ruwansa ba ya bushewa, musamman da bazara, don kare ba ya yin gumi kamarmu, da haki da zaro harshe yake rage zafin jikinsa. Kowace Juma'a da hantsi nakan zauna in cire masa kaska daga kunnuwa da tsakanin yatsu.

Horonsa kuwa, wani tsohon mafarauci maƙwabcinmu ya koya mini. Ya tarar ina dukan Tsinke da yamma saboda kazar da ya kora da safe, sai ya ce, "Ɗana, ajiye tsumagiyar nan. Kare bai san dukan abin da ya wuce ba, sai dai ya koyi tsoronka." Ya ce in riƙa zuba ƙuli-ƙuli a aljihu. In na ce "zauna" ya zauna, in ba shi ɗaya nan take. In ya zabura zai bi kaza, in daka masa tsawa a lokacin, ba sai an jima ba. Kafin kaka ta zagayo, kaji har kiwo suke yi tsakanin ƙafafunsa.

Abu guda ne ban yi masa ba. Wata rana likitan dabbobi ya zo yi wa shanu allura, ya ga Tsinke, ya ce wa Baba ya kamata a yi masa ta haukan kare. Baba ya ce, "Haba likita, mutane ma ba su gama samun allura ba, sai kare?" Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi.

Ina aji biyu a nan makaranta, na je hutu gida, sai ga wani baƙon kare ya faɗo unguwarmu da rana tsaka, miyau na dalala, ya nufi turken awaki. Tsinke ya tare shi, suka yi ta kokawa har samari suka zo da sanduna suka kashe baƙon. Tsinke ya sami rauni a wuya. Muka shafa masa man shanu, rauni ya warke, muka ce Allah ya kiyaye. Ashe ba a rabu da Bukar ba. Bayan kamar wata guda sai ya sake hali. Ya daina cin abinci, ya riƙa ɓuya a duhu ƙarƙashin rumbu, muryarsa ta dishe, yana ta gatsar itace da duwatsu. Ƙanena, wanda lokacin shekararsa 6, ya tausaya masa ya kai masa ruwa. Karen da yaron nan ke hawa kamar jaki, shi ya kafa masa haƙori a hannu.

Wata tsohuwa ta ce a ƙona gashin karen a shafa tokar a bakin ciwon, wai haka ake yi tun kaka da kakanni. Allah ya sa akwai wani ma'aikacin lafiya da ke haya a unguwar. Ya janyo yaron bakin rijiya, ya yi ta wanke wurin da ruwa da sabulu har muka ƙosa, sa'an nan ya ce wa Baba, "Alhaji, yau ɗin nan za ku kai shi asibiti, ba gobe ba." Allurar babu ita a garinmu, sai da aka yi ta zirga-zirga zuwa birni, don ba sau ɗaya ake yin ta ba. Kuɗin mota da na allura su suka cinye ragon layya. Ƙanena yana nan da ransa, alhamdu lillahi. Tsinke kuwa, mafaraucin nan da ya koya mini horonsa shi Baba ya kira da bindiga. Ban tsaya ba. Ina bayan masallaci na ji ƙarar.

Daga baya ne na nemi sanin ciwon nan, abin da na gano kuwa ya tsorata ni. Ƙwayar cutar a miyau take. In ta shiga ta wurin cizo, sai ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, abin da yakan ɗauki wata biyu ko uku, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci fiye. Shi ya sa mutane ke ruɗuwa, su ga ciwo ya warke su zaci an wuce wurin. Da zarar alamu sun bayyana ga mutum, wato ruɗewa da tsoron ruwa, to kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu kuwa ta hanyar kare suka kamu, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ga abin takaicin: maganin ba sabo ba ne. Tun 1885 wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da allurarsa. A nan ƙasarmu ma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka. Ana yi wa kwikwiyo in ya kai wata 3, a riƙa maimaitawa shekara-shekara. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Wankin nan da ya ƙosar da mu kuwa, minti 15 ake so a yi ana yinsa. Don Allah ko ba ku riƙe kome cikin rubutun nan ba, ku riƙe wannan.

Na san wani zai ce, to ai addini bai son kare, me ya kai mu? Ni ba malami ba ne, kuma ba cewa nake a ɗora kare kan gado kamar yadda muke gani a sinimar Turawa ba. Amma malaminmu na addini ya karantar da mu cewa an halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, ya kuma ba mu labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. In ba ka da bukatar kare, kada ka ajiye, ba wanda ya tilasta ka. In kuwa ka ajiye, ina hujjar barinsa yana kiwo a juji, yana cuɗanya da kowane baƙon kare, sa'an nan ya dawo cikin 'ya'yanka?

Da na dawo makaranta na yi kwanaki ba na jin daɗin abinci. Na gaya wa wani abokina dalili, kafin dare duk ɗakin kwananmu sun ji, aka yi ta yi mini ba'a, wai ina zaman makokin kare. Sai na koma yin shiru, amma in na sa hannu a aljihu na ji ɓurɓushin ƙuli-ƙuli sai idona ya cika. Kakata ce kaɗai ba ta yi mini dariya ba. Ta ce, "Maigidana, sabo ake yi wa kuka. Abin da ya ci daga hannunka shekara uku, in ba ka ji rashinsa ba, ai kai ne abin tsoro." Abin da ya fi ci mini rai ba mutuwarsa ba ce, dariyar nan da na yi gaban likita ce. Kuɗin allurar bai kai rabin rabin na rago ba. Baba bai taɓa tayar da zancen ba, amma bara da aka ba ƙanena wani kwikwiyo, shi da kansa ya sa shi cikin kwali ya ɗaura bayan keke ya kai asibitin dabbobi. Katin allurar yana cikin akwatinsa, tare da takardun gona.

Saura mu nan makaranta. Kowa ya san karnukan da ke bayan ɗakin cin abinci. Ragowar tuwonmu suke ci, su ke taya masu gadi tsaron ɗakunan kwananmu, mu kuma mu jefe su in mun ƙoshi. Ƙananan ɗalibai na wucewa ta gabansu da asuba in za su ɗebo ruwa. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ranar da Pasteur ya rasu a 1895, kuma lokacin muna makaranta. Ina roƙon Ƙungiyar Matasa Manoma ta nemi izinin shugaban makaranta ta gayyato likitan dabbobi kafin ranar. In kama su ne wuya, masu dafa abinci sun saba da su, ni ma zan zo da ƙuli-ƙuli. Na ƙidaya su ran Asabar: guda bakwai ne, ɗaya karya ce mai ciki.