Gyara kayanka: In bindigar maharbi ta ƙi tashi

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne maharban Tajaye da na karkarar Illela da Malbaza da Ƙonni ke sauko da bindigoginsu daga inda sunka rataye su tun farkon damina. Bindigar toka da ta daɗe a rataye ba ta rasa ciwo. Ga ciwo huɗu da anka fi gani, da abin da ya kamata a yi.

Na ɗaya, bindiga ta ƙi tashi. Maharbi ya ja kunama, ya ji ƙyas, babu ƙara. Sau da yawa albarushi ne ya sha raɓa, ko kuma ɗan ramin da wuta ke bi ya toshe. Nan ne hatsari yake, don wata sa'a wutar tana ci a hankali daga ciki. Kada maharbi shi leƙa bakin bindiga, kada shi hura shi. Shi riƙe ta, bakin yana duban inda babu mutum babu dabba, shi ƙirga har ɗari da ashirin a hankali. Bayan haka ne za a duba ta.

Na biyu, kunama ta saki. Cikin bindiga akwai ɗan tsagi da ke riƙe kunama in an ɗana ta. Yau da gobe tsagin yana cinyewa, sai kunama ta faɗi ba wanda ya taɓa ta. Ɗaure ta da roba ba magani ba ne. A fidda abin da ke ciki tukuna, sannan a kai ta wurin maƙerin da ya san aikin.

Wanga ciwo ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. A Amurka, a shekarar 1836, wani mutum mai suna Samuel Colt ya samu takardar mallakar wata ƙaramar bindiga mai juyi. Ita ma sai an ɗana kunamarta da babban yatsa kafin kowane harbi. Irin wadda kamfaninsa ya fitar a 1873 tana cin harsashi 6, amma masu hankali 5 suke sa mata, su bar kunama bisa ramin da ba kome. Dalili, in ta faɗi ƙasa kunama ta bugu, tana iya tashi. Haka nan maharbi: kada shi hau jaki ko amalanke da bindiga ɗane.

Na uku, baki ya toshe. Zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka cikin bakin bindiga. Ƙasa ma tana shiga in an dogara bakin a ƙasa. In anka harba a haka, ƙarfen yana fashewa, shi tafi da yatsu ko ido. Wani kuma yakan manta ya ɗura, shi ƙara wani ɗuri bisa na farko. Maganin wannan, a zura sandar ɗuri lokacin da bindiga ba kome, a yi mata shaida daidai baki. Duk ranar da shaidar ta tsaya sama, akwai abu a ciki.

Na huɗu, tsatsa. Tokar albarushi tana jawo laima, laima ta haifi tsatsa, tsatsa ta ci ƙarfe daga ciki. Bayan harbi a wanke bututun da ruwan zafi, a shanya shi sosai, a shafa mai kaɗan. Bindigar da bututunta ya tsage ko ya kumbura ta gama aiki. Kada a zuba garin harsashin zamani cikin bindigar toka, ya fi ƙarfinta nesa.

In tsautsayi ya faɗa, a danne ciwon da tsumma mai tsabta don jini shi tsaya. Kada a zuba toka ko ƙasa. A gaggauta zuwa likita mafi kusa, ko asibitin Galmi, ko na Birnin Ƙonni.

Sai maganar doka. Dokar farauta ta Nijar, ta ranar 29 ga Afrilu 1998, ta ce sai da takardar izini ake farauta. Ma'aikatan gandun daji ne ke ba da bayaninta. Tun 1994 kuma gwamnati ta kafa hukumar da ke karɓar makaman da ba su da takarda.

A aje bindiga ba ɗuri, nesa da yara, albarushi nesa da murhu. Wanda ya iya karatu shi karanta wa maharbin garinsu wanga shafi. Rigakafi ya fi magani.