Bulala Ba Ta Koya Wa Yaro Turanci

Maganar da nake so mu duba a wannan fitowa ta shafi ƙananan makarantun nan na rainon yara da firamare waɗanda ikilisiyoyinmu da dama suka buɗe a harabar majami'a. Kuka iri biyu ake yawan ji game da su. Iyaye suna cewa yaro ya shekara biyu ana biya masa kuɗin makaranta amma har yanzu ba ya jin Turanci. Malamai kuma suna cewa yaran zamani ba sa zama wuri ɗaya, sai surutu da tsalle-tsalle, ba sa jin magana sai an ɗauko bulala. Ni a ganina kukan nan biyu ciwo ɗaya ne. Yaro ba ya sauraron abin da ba ya ganewa, wanda kuwa bai saurara ba, ba zai koya ba.

Mu ɗauki yarinya 'yar shekara huɗu a Billiri, ko Zonkwa, ko Zuru. A gida kakarta tana yi mata Tangale, ko Jju, ko C'lela. A unguwa da makarantar Lahadi Hausa take ji. Ran Litinin da safe sai a zaunar da ita a kan benci, malama ta dinga yi mata Turanci tun daga ƙarfe 8 har rana tsaka, harshen da ba ta taɓa jin kowa a gidansu ya yi hira da shi ba. Ya ku dattawa, ko ɗayanmu ne aka zaunar awa uku ana yi masa jawabi da Sinanci, ai gyangyaɗi zai yi, ko ya fara hira da na kusa da shi. Abin da yarinyar nan take yi ke nan, mu kuma mu kira shi taurin kai.

Gwamnati ma ta daɗe tana kai da kawowa a kan wannan batu. Tsarin ilimi na ƙasa da aka fitar a 1977 ya ce a fara koyar da yara da harshen uwa ko harshen da aka fi yi a yankinsu, Turanci ya zama darasi guda, sai daga baya a koma koyarwa da shi. A 2022 aka amince a tsawaita koyarwa da harshen uwa zuwa shekara shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar cewa an soke wannan, Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin farko, yana kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Masana harshe da yawa ba su yarda da shi ba. Ba na so mu ɓata lokaci a kan wannan gardama. Ko me aka rubuta a takarda a Abuja, yarinyar da ke gaban malama ba ta canja ba. In kuwa Turanci ne zai ɗauki dukan darussa, to wajibi ne mu koyar da shi ta hanyar da zai shiga.

Akwai abin da aka riga aka gwada a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife suka fara gwaji a wata makarantar firamare a Modakeke. Aka koyar da wasu yara dukan darussa da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuma aka ba shi lokacinsa a hannun malaman da aka horar domin shi. Da aka auna, yaran nan ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Mu ma tarihinmu shaida ne. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke cikin Hausa a 1932, kakanninmu da yawa kuma da Hausa ko da harshensu suka fara haɗa baƙi a ƙananan azuzuwan karatu na ƙauye. Waɗanda suka wuce daga nan zuwa Gindiri ko Wusasa, wa ya taɓa kushe Turancinsu? Wanda ya iya karatu da harshe ɗaya ba ya sake koyon karatu daga tushe, sabon harshe kawai yake koya.

To, yaya za a yi a cikin aji?

Na farko, kunne ne yake fara koyon harshe kafin baki, baki kuma kafin hannu. Jariri yakan yi shekara guda yana saurare kafin ya furta kalma, ba wanda yake dukansa a kan haka. Wani malamin jami'a a Amurka mai suna James Asher ya gina hanyar koyarwa a kan wannan tun shekarun 1960. Malama ta ce "stand up" ta miƙe tsaye, yara su miƙe. Ta ce "touch your nose" ta taɓa hancinta, su taɓa nasu. Bayan 'yan kwanaki sai ta faɗa ba tare da ta yi ba, ta ga wa ya gane. Ba a tilasta wa kowa magana, da kansu za su fara ba juna umarni. Amfanin wannan biyu ne: ma'anar kalma tana shiga ba da fassara ba, motsin da ake dukan yaro a kansa kuma ya zama shi ne darasin.

Na biyu, gani ya kori ji. Kada a rubuta sunan cokali a allo alhali akwai cokali a gida. A shigo da cokali, da kofi, da tsintsiya, da mangwaro, yara su riƙe su faɗi sunansu. Kalma biyar ko shida sun isa darasi guda, a yi ta maimaita su cikin mako ta waƙa da wasa da zane. Darasin rabin awa kuma a yanka shi gunduwa-gunduwa: a fara da waƙa a tsaye, a zauna a ga sababbin kaya, a tashi a yi wasa, a koma kan tabarma a ji labari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, kuma kada a tsare shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere. Ashe yaron da ya kasa zama tun safe har rana, lafiyarsa ƙalau.

Na uku, mu koyi dabara daga kakanninmu mata. Tsohuwa takan tara jikoki goma da dare ta riƙe hankalinsu ba tsawa ba tsumagiya. Da ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," kowa ya amsa ya yi tsit. Tana sauya murya, tana sa waƙar da yara za su amsa, tana dakatawa daidai inda ake ɗokin jin ci gaba. Malama ma ta sami irin wannan alama tata, ko tafi uku da yara za su mayar, ko gajeren kira da amsa, ta yi ta amfani da shi kullum har ya zama jiki. Ta ba da labarin Gizo da Ƙoƙi da Hausa yau, gobe ta sake ba da shi da gajerun jimlolin Turanci tana kwaikwayo da hannu. Tun da sun san labarin, Turancin ba zai tsorata su ba. In hayaniya ta tashi, rage murya ya fi ɗaga ta, gama malama mai ihu ajin ihu take samu. Yaron da ya fi kowa ƙiriniya kuma a ba shi aiki, shi ne mai raba alli, shi ne mai share allo.

Na huɗu, batun haruffa. Rera A, B, C sunayen haruffa yake koya wa yaro, alhali da sautinsu ake karatu. Turanci yana da haruffa 26 amma sautinsa ya kai wajen 44, shi ya sa rubutunsa yake ruɗa yara, ba kamar bokon Hausa ba inda galibi yadda aka rubuta haka ake faɗa. Harafin c kaɗai ya isa misali: yadda muke faɗinsa a "ciki" daban yake da yadda yake fita a "cat" ko "city". Tsarin Jolly Phonics, wanda aka horar da malamai a kansa a jihohi da yawa na ƙasar nan, yana koyar da sauti 42, kowanne da motsinsa, yana farawa da s, a, t, i, p, n. Da waɗannan shida kaɗai yaro zai haɗa "sat" da "pin" da "tap" da kansa. Wanda kuma ya tashi da Hausa yakan haɗa p da f, sai a nuna masa: a wajen p leɓɓa biyu suke haɗuwa, a wajen f haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa. Wannan ya fi a sa ɗan shekara uku ya haddace jihohi 36 da manyan biranensu. Iyaye suna jin daɗin haddar a ranar ba da kyauta, amma aku ma yana hadda.

Yanzu sai maganar bulala, da tarar da ake cin yara in sun yi Hausa ko yarensu a makaranta. Na san wasu iyayenmu za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su kuma tuna mana da abin da littafin Karin Magana ya koyar a kan horo. Ban ƙi horo ba. Yaron da ya cije ɗan'uwansa ko ya yi ƙarya da gangan, lalle a tsawata masa. Amma rashin ganewa ba laifi ba ne. Harshe da baki ake koyonsa, yaron da aka daka domin ya yi kuskure kuwa abin da ya koya shi ne rufe baki. Za a sami aji shiru, hedimasta ya wuce ya yaba, amma shirun tsoro ne. Tarar yare kuma ta fi wannan muni a wurinmu. Mu da harsunanmu suke ta ja da baya, har jikoki da yawa ba sa iya gaishe da kakanninsu da yare, mu ne kuma za mu koya wa yaro cewa harshen uwarsa abin kunya ne, a cikin harabar majami'a?

Ba daidai ba ne a ɗora wa malamai dukan nauyin. Dattawa, makarantar taku ce. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 25 a ajin raino, 35 a firamare. In muka cusa 60 a ɗaki ɗaya domin kuɗin makaranta ya yi yawa, babu dabarar da za ta yi aiki. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, amma sau da yawa ajin ƙanana ne ake ba yarinyar da ta gama sakandare tana jiran sakamako, a biya ta abin da bai kai ko rabin naira 70,000 da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba. Da ta sami wani abu sai ta tafi, a kawo wata. Ajin ƙanana shi ne harsashin gini, can ya kamata a sa malamar da ta fi kowa ƙwarewa. In ba mu da halin ɗaukar masu takarda, muna da malamai da suka yi ritaya a cikinmu. A roƙe su su horar da matasan nan a lokacin hutu. Kuɗin makaranta kuma a fara biyan malamai da sayen littattafan hoto da shi, kafin a waiwayi rufin majami'a.

Iyaye, ku ma da naku. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya. Wanda ya raba dare yana kallon waya, ko ya fito ba ko kofin koko a cikinsa, ba malamar da za ta riƙe hankalinsa. In malama ta ce yaronku ba ya juyowa in an kira shi, ko yana ƙanƙance ido in yana duban allo, a kai shi asibiti a duba kunne da ido kafin a kira shi daƙiƙi. A gida kuma ku yi masa harshenku sosai, da tatsuniya da karin magana da kacici-kacici. Yaron da ya ƙoshi da harshe ɗaya ya fi saurin ɗaukar na biyu a kan wanda aka goya da guntun Turanci.

Roƙona shi ne, a zaman dattawa na gaba a sa wannan magana cikin abin da za a tattauna. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su je su zauna a bayan ajin ƙanana na awa guda, su ƙidaya yaran, su ga sau nawa aka bar su suka motsa, su kuma tambayi malama abin da take bukata. A soke tarar yare, a fitar da bulala daga darasin Turanci, a gwada hanyoyin nan na zango ɗaya, sa'an nan a zauna a auna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba malamanmu haƙuri, ya ba dattawanmu hikima, ya raya mana yaran nan. Amin.