Shirin Zaune Ya Fi Na Tsaye: Batun Tura Wakilai Zuwa Taro

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma babu mai musun wannan magana. Amma fa mabuɗi ba ya amfani sai mai riƙe da shi ya isa bakin ƙofa lafiya, kuma a kan kari. Kusan kowane mako ana kiran tarurruka a Katsina da Zariya da Kaduna da Kano da Abuja, ana gayyatar ma'aikatan ƙananan hukumomi, da malaman gona, da shugabannin ƙungiyoyin manoma, da dillalan kamfanonin taki da iri da auduga. Masu kiran taron sukan yi makonni suna shirya zaure da kujeru da lasifika da jawabin babban baƙo, amma batun yadda wakilai za su taso daga garuruwansu, su iso, su kwana, su koma gida, sai a bar shi har jajibirin ranar. Wannan sakaci yana cin kuɗin jama'a, yana ɓata lokacin ma'aikata, wani lokaci har rayuka yake ci.

Mutanen Karfi, cikin Ƙaramar Hukumar Malumfashi, da sauran manoman ƙasar Funtuwa da Bakori, suna cikin waɗanda wannan al'amari ya fi shafa. Dalili kuwa shi ne, yankin nasu rumbun masara da dawa da waken suya da auduga ne, saboda haka duk mai son ganawa da manoman Jihar Katsina, gwamnati ce ko kamfani, dole ya aiko musu da takardar gayyata. Ba yau aka fara ba. Tun zamanin Turawa aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, kuma a shekarar 1975 aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda yake ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Tun daga lokacin tarurrukan horo da na nunin amfanin gona suka zama jiki. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna ran 23 ga Satumba, 1987, sai alƙiblar tafiyar ma'aikata ta juya daga kudu zuwa arewa, amma nisan bai ragu yadda za a ce an huta ba. Har wa yau dai mutumin Karfi yana da doguwar hanya a gabansa, ko ya bi ta Malumfashi da Kankiya zuwa Katsina, ko ya bi ta Funtuwa da Giwa zuwa Samaru.

A ɗauki misalin abin da yakan faru. Takardar gayyata ta fito daga hedkwata, ta yi kwanaki a kan teburin wani jami'i, ba ta isa hannun wakilai ba sai ana gobe taro. Akawu ya ce kuɗin guzuri bai fito ba, kowa ya yi ta kansa, in an dawo a biya shi. Da asuba a taru a tasha, a tarar motar da aka yi wa magana ta yi lodi ta tafi, a shiga neman wata har hantsi. Wakilan su isa bayan an gama jawaban da suka fi muhimmanci, su sa hannu a rajista, su ci abinci, su jira rabon kuɗin mota har la'asar sakaliya. Da yake ba a tanadi masauki ba, sai a kama hanya da magariba, direban da ya tashi tun kafin kiran salla shi ne zai sake tuƙi cikin duhu. In Allah ya kiyaye aka iso gida, babu wanda zai tambayi abin da aka koyo. An kashe kuɗi, an bar gona, an shiga hatsari, amma manomin da aka tafi da sunansa bai ƙaru da kome ba.

Wanda ke ganin an kambama maganar, ya tuna da abin da ya auku ran 31 ga Mayu, 2025, a gadar Ciromawa da ke kan hanyar Zariya zuwa Kano. Motar da ta ɗauko tawagar Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gadar, mutum fiye da 20 suka riga mu gidan gaskiya, saura ƙiris su isa gida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ambaci gajiya bayan doguwar tafiyar dare da kuma gudu cikin abubuwan da ake zaton sun jawo hatsarin. Ajali dai ba ya wuce lokacinsa, wannan haka yake, amma addini da hankali duka sun umarci mutum ya ɗaure raƙuminsa kafin ya yi tawakkali.

Abin mamaki shi ne, shirya tafiyar jama'a ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar Hausa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19, har kasuwar Salaga da ke ƙasar Ghana ta yanzu, sukan yi watanni a hanya da ɗaruruwan mutane da jakuna, kuma ba da ka suke tafiya ba. Kowane ayari yana da madugu, wanda maganarsa ce ta ƙarshe, kuma shi ke amsa laifi in abu ya ɓaci. Akwai jagaba, masanin hanya, mai shiga gaba. Akwai uban dawaki, mai kula da tattara kuɗin fito da abin da za a ba sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Akwai malamin ayari, mai rubutu da addu'a. An san zangon da za a sauka kowace rana tun kafin a ɗaura kaya, kuma ana duba yanayin shekara kafin a sa ranar tashi. Mutanen da ba su da waya ko kwalta sun iya wannan tsari. Ashe abin kunya ne a ce ofis mai babban sakatare da akawu da mota ya kasa kai mutum 20 Zariya ya dawo da su cikin natsuwa.

Saboda haka abu na farko da ya kamata kowace ma'aikata da kowane kamfani su yi shi ne naɗa madugu. A zaɓi mutum guda, a rubuta sunansa a takardar gayyata, a ce shi ne mai alhakin tafiyar daga tashi har dawowa. Tafiyar da kowa ke da iko a kanta, babu mai iko da ita. Madugun ya riƙe jerin sunayen matafiya, da lambar wayar kowa, da ta wani ɗan'uwansa na gida, ya bar kwafe guda a ofis, ya ba shugabannin tasha guda. Ya san mai ciwon suga da mai hawan jini a cikin tawaga, domin kada tsautsayi ya samu a rasa abin da za a gaya wa likita.

Na biyu, sa rana. Mai zaune a ofis cikin birni yana duba kalandar bango, manomi kuwa sama yake dubawa. Taron manoma da aka sa a tsakiyar Yuni ko Yuli, lokacin shuka da noman firi da zuba taki, ko a Oktoba ana tsakiyar girbin masara, ba zai sami manoman gaskiya ba, sai dai 'yan zaman kashe wando masu jiran kuɗin mota. Haka nan ranar Juma'a, da ranar kasuwar gari, da kwanakin azumi, duk abubuwan lura ne. Kuma gayyata ta isa hannun wakili aƙalla mako biyu kafin taro, domin ya sami wanda zai bar wa gona ko aji ko teburinsa.

Na uku, kuɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, farashin mai ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota kuma ya bi shi. Duk ofishin da ke lissafin guzuri da tsohon ma'auni yana tilasta wa ƙaramin ma'aikaci ne ya ciyar da gwamnati daga albashinsa. Daidai ne a ƙiyasta kuɗin mota da masauki da abinci tun kafin a aika gayyata, a biya kafin a tashi. In kuɗin mutum 30 ba zai samu ba, a tura 10 cikin mutunci ya fi a cusa 30 cikin mota guda kamar buhunan masara. Bugu da ƙari, ɗaukar shatar mota guda mai lafiya yakan fi rabon kuɗi hannu da hannu arha, kuma yana toshe ƙofar da ake bi ana rubuta sunayen waɗanda ba su je ko'ina ba. A dawo da rasit, a ajiye a fayil, mai binciken kuɗi ya gani.

Na huɗu, mota da direba da hanya. A duba taya da birki da fitila kwana guda kafin tafiya, ba da safiyar ranar ba. Tafiyar da ta kai yini guda, irin ta Abuja ko kudancin ƙasa, tana bukatar direba biyu, kuma direba shi ma ɗan tawaga ne, a ba shi abinci da wurin kwana, kada a bar shi ya kwana a kujerar mota sa'an nan a damƙa masa rayukan mutane da safe. Batun tsaro kuwa ba ya bukatar dogon bayani ga mutumin kudancin Katsina. A shekarar 2021 sai da gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme saboda 'yan bindiga, kuma ran 28 ga Maris, 2022, aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari. Halin hanya yana sauyawa, saboda haka lalle madugu ya tambayi direbobin tasha da jami'an tsaro kafin a tashi. Dokar da ba za a karya ba ita ce, a tashi bayan gari ya waye, a sauka kafin rana ta faɗi. Mai kiran taro shi ma yana da nasa nauyin: ya rufe taro da azahar ko ya tanadi masauki, ɗaya daga cikin biyu.

Na biyar, mata. Mata suna da hannu dumu-dumu a sarrafa amfanin gona da kiwo da adashi, amma sau da yawa ba a ganinsu a taro. Ba ƙi suke yi ba. Magidanci ba zai bar iyalinsa ta bi tafiyar da ba a san wurin kwana ko lokacin dawowa ba, kuma ba a ga laifinsa ba. In aka tanadi masauki na daban, aka sa mace babba ta jagorance su, aka bayyana lokacin komowa, yawancin wannan cikas zai kau.

Wasu za su ce, ai zamani ya zo da sauƙi, me zai hana a yi taron ta waya ko ta kwamfuta kowa yana gidansa? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ofisoshi da yawa sun gane cewa rabin tarurrukansu ba su cancanci ko litar mai guda ba. Taron da sanarwa ce kawai za a karanta, a aika da takarda ko a faɗa a rediyo. Amma akwai abin da waya ba ta yi. Manomi ba ya yarda da sabon iri sai ya tsaya a gonar gwaji, irin ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru wadda tushenta ya faro tun 1922, ya murza zangarniya da hannunsa. Cinikin auduga tsakanin kamfani da ƙungiya yana bukatar a dubi idon juna. Kasuwar Baje Koli ta Kaduna, wadda aka fara a 1979, amfaninta shi ne a ga inji yana aiki. Kada kuma a manta, a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Gani da ido bai tsufa ba, sai dai a rage yawan tafiya, wadda ta zama dole kuma a kyautata ta.

Daɗin daɗawa, akwai tambayar da masu mulki ba su cika yi wa kansu ba: wa ya kamata ya yi tafiyar? In taro na manoman auduga da masara ne, wanne ya fi sauƙi, a kwashi manoma 200 zuwa babban birni, ko jami'ai 10 su zo inda ake noman? Funtuwa gari ne da hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina suka haɗu a cikinsa, yana da masaukai da makarantu masu zauruka, kuma a shekarar 2024 aka buɗe tashar tsandauri ta sauke kaya a can. Malumfashi ma ba ta rasa wurin taro ba. Kawo taro kusa da manoma yana rage kuɗi da hatsari, yana kuma ba babban jami'i damar ganin halin hanya da gona da idonsa, maimakon ya karanta a rahoto.

Daga ƙarshe, tafiya ba ta cika ba sai an dawo da tsaraba. Wakilin da aka tura da kuɗin jama'a bashi ne a kansa ya tara waɗanda ya wakilta cikin mako guda, a ƙofar gidan mai gari ko a ofishin malamin gona, ya bayyana musu abin da aka tattauna da abin da aka yanke, ya kuma miƙa rahoto a rubuce ko da shafi guda ne. Wanda ya kasa yin haka, kada a sake tura shi. Ta wannan hanya ce za a rabu da 'yan taron sana'a, waɗanda sunansu ba ya ɓacewa daga kowane jeri.

Ɗalibai da ke shirya ziyarar ƙaro ilmi ko tarurrukan ƙungiyoyinsu, su ma wannan magana ta shafe su, domin su ne sakatarori da daraktocin gobe, kuma halin da aka saba da shi a makaranta shi ake kaiwa ofis. Babu ɗaya daga cikin abubuwan da aka zana a nan da ke bukatar sabuwar doka ko kwangila. Takardar umarni guda daga Shugaban Ma'aikata ko shugaban ƙaramar hukuma ta isa. Iyalin da suka yi wa wakili rakiya da addu'a suna da haƙƙin su gan shi ya dawo, kuma jama'ar da suka tura shi suna da haƙƙin su ji abin da ya samo.