Sharhi: Abin da Littattafan Soyayya Ke Faɗa wa Mahukuntan Kano

A garin Beli da ke Ƙaramar Hukumar Rogo, kamar sauran garuruwan yammacin Jihar Kano, littafin soyayya ya daina jiran motar kasuwa. A da sai an sayo shi daga birni, a yi ta aronsa gida-gida har bangonsa ya yage. Yanzu ta waya yake shigowa, a WhatsApp da Wattpad, ko a YouTube inda ake karanta shi a saurara. Zargin da ake yi masa ne bai sauya ba: wai yana cusa wa 'yan mata dogon buri, su raina saurayi manomi suna jiran attajirin cikin labari.

Zargin ya daɗe. A shekarar 2007, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a, daga bisani Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Tun kafin nan masana sun yi ta kai ruwa rana: Farfesa Ibrahim Malumfashi, wanda ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, ya soki ingancinsu, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya kare su. Sai dai ba a cika tsayawa an duba wane buri ne littattafan ke cika wa mai karatu ba, da kuma dalilin da ya sa sai a takarda yake cika.

Littattafan farko sun ba da amsa. A cikin Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, an cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga dattijo. Ta gudu, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Marubuciyar ita ma an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama. A cikin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kuwa, Sumayya 'yar masu hali ce ta nace wa Muhammad talaka, ta ƙi attajirin da aka zaɓa mata. Burin wancan zamani ke nan: a tambayi yarinya wanda take so, a kuma bar ta ta gama karatu.

Da yawa daga cikin labaran da ke yawo a waya yau sun juya lissafin. Yarinyar ce talaka, sau da yawa marainiya ko 'yar aiki, jarumin kuma hamshaƙin ɗan kasuwa, ko babban soja, ko ɗan sarauta, wanda zai ɗauke ta daga wahala ya biya mata kuɗin jami'a da na asibitin mahaifiyarta. Masu suka na da hujja a nan, domin labarin da ke koyar da cewa mafita ɗaya ita ce miji mai kuɗi yana rage wa yarinya dogaro da kanta. Amma sauyin bai faɗo daga sama ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tsadar rayuwa ta yi ta hauhawa, har ma'aunin hauhawar farashi ya haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Inda awo ya gagari magidanci, dole mafarki ya koma kan wanda zai iya cika tukunya.

Gwamnatin jihar ta taɓo ɓangaren wannan buƙata. A Oktoban 2023 ta ɗaura auren gata na ma'aurata 1,800, a Yunin 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Ma'aunin nasarar waɗannan matakai yana garuruwa irin su Beli, masu nisa da fadar gwamnati: ko ɗalibar da ta gama firamare za ta sami sakandare kusa da gida mai malamai da kujeru, ko matar da aka saka da 'ya'ya za ta sami kotun da za ta tilasta a ciyar da su ba tare da jeka-ka-dawo ba.

Waɗannan su ne tambayoyin da ya kamata matasan mazaɓar Ƙaraye da Rogo su riƙa yi wa wakilansu a majalisar jiha da ta tarayya. An gwada ƙona littafi, ya dawo ta waya, inda wuta ba ta kai. Matuƙar makaranta da asibiti da abin yi suka ci gaba da gagarar 'yar talaka, marubuta za su ci gaba da ƙirƙiro mata attajirin da zai samar mata da su, ita kuma za ta ci gaba da sayen data don ta karanta.