Tsawon Katako Ba Shi Ne Gwaninta Ba

Duk shekara idan hunturu ya kama a nan gida muka shiga neman bargo da man shafawa, can arewacin duniya dusar ƙanƙara ce ke lulluɓe duwatsu, lokacin wasan zamiya da ake kira siki ya zo ke nan. Wataƙila mai karatu ya ce ina ruwan biri da gada. Ruwan kuwa akwai shi. 'Ya'yanmu da ke karatu a Turkiyya ba su da nisa da dutsen Uludag na kusa da Bursa ko Palandoken na Erzurum, na Kanada da Jamus kuwa wasan a ƙofar gida yake same su. Masu zuwa Dubai sun san gangaren ƙanƙara na cikin gini da aka buɗe a 2005. Ko a nahiyarmu ana yin sa a Oukaimeden ta Maroko da Afriski ta Lesotho, kuma a 2022 Samuel Ikpefan ya ɗauki tutar Nijeriya zuwa gasar Olamfik ta hunturu a Beijin, a tseren siki na dogon zango.

Saboda haka yau da sabon shiga nake magana, wanda ya je sau biyu ko uku, abin ya shiga ransa, har ya fara leƙa shagunan kaya yana tambayar wane tsawon katako zai saya. Amsata a taƙaice ita ce: ya ɗauki gajere, kuma kada ya yi saurin saye. Abu biyu ne ke cikin haɗari, kuɗin da iyaye suka aiko da gumin goshi, da gwiwar da zai taka har tsufansa.

Mu fara da tsawo. Tsohuwar ƙa'ida ita ce mutum ya ɗaga hannu sama, inda wuyan hannunsa ya kai nan ne tsawon katakonsa. Wannan ta yi aiki a zamanin da katakon yake kusan miƙaƙƙe. A farkon shekarun 1990 kamfanoni irin su Elan na Silobeniya da Kneissl na Ostiriya suka fito da katako mai faɗin kai da gindi da siririn ƙugu, wanda da zarar an jingina shi a kan gefensa sai ya yanka kwana da kansa. Tun daga nan katako ya gajarce. Yau ana tsayar da shi ne a gaban mutum: ga ɗan koyo ya tsaya tsakanin haɓa da hanci, ga wanda hannunsa ya faɗa ya kai goshi, gwani kuma yana iya ɗaukar wanda ya kai tsayinsa ko ya ɗara. Mai tsawon santimita 175 da ke koyo zai samu abin da ya dace da shi a wajen 155 zuwa 165. Nauyin jiki ma yana da ta cewa, domin katakon nauyi yake ji, ba ya ganin tsayin mai shi. Siririn mutum ya karkata ga gajere, mai jiki ya ɗan ƙara.

Dalilin ba boyayye ba ne. Dogon katako yana zama daram idan gudu ya yi gudu, amma juya shi sai da ƙarfi da iyawa. Gajere yana juyawa cikin sauƙi, yana kuma yafe kuskure. A gasar duniya, mazan da ke tseren gangarowa kai tsaye ba a yarda katakonsu ya gaza santimita 218 ba, alhali masu tseren zagaye turaku, inda kwana ke bin kwana, 165 ne mafi ƙarancin nasu. Zakarun duniya ke nan, idan aikin na juyawa ne sai su koma ga gajere. To ina ga wanda duk karatunsa a yanzu shi ne yadda zai juya da yadda zai tsaya? Mahaya dawaki sun san wannan tun tuni: ba a ɗora yaro a kan ingarma ranar da ya fara riƙe linzami.

Na san abin da ke jan matashi ga dogon katako mai tsauri. Yana ganin na gwanaye ne, kuma mai shago zai ce masa ya saya yanzu don ya girma a kansa. Ni ban yarda da wannan shawara ba. Katakon da ya fi ƙarfin mai shi tsoro yake koya masa. Sai ya riƙa jan jiki baya, nauyinsa ya koma kan diddige, a wannan tsayuwar kuwa aka fi samun tsinkewar jijiyar gwiwa, raunin da ke cikin waɗanda suka fi addabar masu wannan wasa, wanda sau da yawa sai an yi tiyata a kuma shafe watanni ana jinya.

Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara, amma a wannan fage kayan haya sun fi rufin asiri ga ɗan koyo. Mai haya yana iya karɓar 150 yau, bayan kwana uku ya mayar ya karɓi 160, ya ji bambancin a ƙafarsa. Wanda ya saya kuwa ya ɗaure kansa da tsawo ɗaya a daidai lokacin da iyawarsa ke canzawa mako bayan mako. Ga kuɗin ɗaukar kaya a jirgi, ga wurin ajiya a ɗakin ɗalibai, ga gyaran gefe da shafa kakin ƙasan katako. Ɗalibin da zai gama karatu ya dawo Kano ko Damagaram, ya tambayi kansa sau nawa zai hau katakon kafin ya zama abin jingine a bango.

Idan kuɗi zai fita, ga tsarin da nake ganin ya dace. Na farko malami. Darasi biyu ko uku a hannun mai koyarwa na gaskiya sun fi kowane kaya amfani. Kwame Nkrumah-Acheampong, wanda ya wakilci Ghana a gasar Olamfik ta Bankuba a 2010, da girmansa ya koyi wasan, a gangaren cikin gini na Milton Keynes a Ingila inda yake aiki. Yawan maimaici ne ya kai shi can.

Na biyu hular kwano. A 2009 jarumar fim Natasha Richardson ta faɗi a gangaren 'yan koyo na Mont Tremblant a Kanada, ba ta sanye da hula, ta rasu sakamakon raunin kai. Gangaren koyo ma yana iya kisa.

Na uku takalmi, kuma shi ne abin da ya cancanci saye kafin katako. Ta cikinsa umarnin ƙafa ke isa ga katakon. Idan ƙafa na yawo a ciki, umarnin ya ɓata a hanya. Ana auna shi da tsawon tafin ƙafa a santimita, ba da lambar takalmin zuwa ofis ba. Ya kama ƙafa tsam, yatsu su ɗan taɓa gaba idan an miƙe, su ja baya idan an lanƙwasa gwiwa, diddige kuma kada ya ɗaga. Akwai lambar da ke nuna tsaurinsa: namiji ɗan koyo yakan fara a wajen 70 zuwa 90, mace ƙasa da haka, gwanaye a 120 ko 130, ko da yake lambar wani kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wani ba. A gwada shi da safa ɗaya siririya, a zauna da shi a shago na ɗan lokaci kafin a biya.

Sai maɗaurin da ke haɗa takalmi da katako. Aikinsa biyu ne, ya riƙe lokacin tafiya, ya saki lokacin faɗuwa kafin ƙashi ya karye. Ana saita ƙarfinsa da lambar DIN, bisa nauyi da tsawo da shekaru da tsawon ƙasan takalmi da matakin iyawa. Wannan aikin ma'aikacin shago ne. Idan ya tambaye ka nauyinka da iyawarka, faɗa masa gaskiya, domin wanda ya yi kurin gwaninta za a ɗaure masa da ƙarfi, ranar faɗuwa ƙafarsa ce za ta biya. Mai sayen na hannu kuma ya kai maɗaurin a duba tukuna, don akwai tsofaffin da shaguna ba sa yarda su taɓa.

To yaushe ne lokacin sayen katako? A Turai ana yi wa gangare alama da launi gwargwadon wuyarsa: shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi na gwanaye, wasu ƙasashen kuma da kore na 'yan koyo. Ranar da ka daina haɗa kawunan katako biyu don rage gudu, kana saukowa shuɗi da ja da katakon a jere, kana tsayawa inda ka ga dama, har ka fara jin na hayan yana karkarwa idan ka ƙara gudu, to ka fi ƙarfinsa. A lokacin ne za ka ƙara santimita biyar ko goma, ka nemi mai faɗin ƙugu kamar milimita 75 zuwa 85 idan a gyararren gangare kake wasa, ka gwada iri biyu ko uku kafin ka zaɓa, ka kuma jira ƙarshen kakar wasa, wajen Maris da Afrilu, lokacin da shaguna ke karya farashi.

Da rarrafe yaro kan tashi. Duk wanda ya bar kaya suka bi bayan iyawa, zai sauko daga dutse da kuɗinsa a aljihu da ƙafafunsa lafiya, ya kuma koma badi yana ɗokin hawa. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke.