Yadda tsinken sakace ya farfaɗo da tsohon akwatin talabijin

A makon nan za mu ba ku labarin wani ƙaramin akwatin talabijin mai Android da muka samo a kwabar gidan wani abokinmu. Ya daina karɓar sabuntawa, kuma nauyinsa ya kai mutum ya danna rimot ya je ya sha ruwa ya dawo. Burinmu shi ne mu mayar da shi na'urar kunna bidiyon darussa ga ƙannenmu masu shirin WAEC, ba tare da sayen data ba.

Mafita ita ce Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Mun zaɓi CoreELEC, wani ƙaramin Linux da aka tsara don akwatuna masu cif ɗin Amlogic, wanda aikinsa kawai kunna Kodi. Muka zuba shi a katin memori, muka zura tsinken sakace cikin ramin AV inda ƙaramin maɓalli yake ɓoye, muka danne shi, sannan muka jona wuta. Allo ya yi baƙi ƙirin.

Ga dalilin. Kwamfutar tebur tana da hanyar sanar da manhaja abin da ke cikinta. Irin waɗannan ƙananan na'urori masu cif ɗin ARM ba su da wannan. Sai an ba Linux wani fayil mai kamar taswira, ana ce masa dtb, wanda ke faɗa masa girman ma'adanar wucin gadi, da inda sauti, USB da sauran sassa suke. Mu kuma mun yarda da rubutun kwali, muka ɗauki taswirar akwati mai gigabait 2. Da muka cire wuta muka kwance akwatin, muka karanta lambobin da ke kan allon ciki, sai ga shi cif ɗin S905X ne mai gigabait 1. Muka kwafo taswirar da ta dace, muka sa mata suna dtb.img, muka maimaita dabarar tsinke. Kodi ya bayyana.

Murna ba ta daɗe ba, domin Wi-Fi ya ƙi aiki. Kowane sashe na na'ura yana buƙatar 'yar manhajar da ke fassara tsakaninsa da Linux, sunanta direba. Muka jona wayar intanet, muka shiga akwatin daga laftof, muka rubuta umarnin dmesg, wanda ke nuna duk abin da Linux ya gani tun daga kunnawa. Nan muka gane babu direban cif ɗin Wi-Fi namu. Tunda bidiyon a filas yake, muka haƙura da shi. Rimot ma bai amsa ba, sai muka sa linzamin kwamfuta a ramin USB.

Su wa ke rubuta waɗannan direbobi? Wani lokaci kamfani ne, wani lokaci kuwa 'yan sa-kai. Sashen zane na Mali-450 da ke cikin cif ɗinmu ya samu buɗaɗɗen direba mai suna Lima, wanda ya shiga Linux 5.2 a 2019 bayan shekaru ana nazarin yadda sashen ke aiki.

Idan za ku gwada, ku nemi izinin mai akwatin tukuna, kuma ku cire wuta kafin kwancewa. Ku bar Linux a kan katin memori, kada ku rubuta shi a ma'adanar ciki, domin kuskure a can yana iya kashe akwatin. Muddin a kati yake, da an zare shi Android zai dawo yadda yake.

Yanzu akwatin yana falo, ƙannenmu na kallon darasin lissafi duk yamma idan akwai wuta. Sai mun haɗu mako mai zuwa, da yardar Allah.