Farfesun hunturu: romo ma ya cancanci farashinsa

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, da zarar an idar da sallar isha'i a Unguwar Mu'azu, hazo da hayaƙin manyan motoci sukan lulluɓe titin Nnamdi Azikiwe da ya ratsa gefen unguwar. A watannin Disamba da Janairu sanyin dare a Kaduna yakan sauko zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka, iska ta bushe har leɓe ya tsage. A irin wannan lokaci ne kasuwar masu farfesu ke buɗewa: direbobin tirela, da masu keke napep, da ma'aikatan da suka yi dare a ofis, kowa ya nufi inda tukunya ke tururi. Wanda ya tsaya ya saurari cinikin da ake yi a bakin tukunyar zai ji tambaya guda ce ke maimaituwa: tsoka nawa? Da wuya a ji mai tambayar tun yaushe tukunyar take kan wuta, ko me aka daka aka zuba a cikinta.

Wannan tambaya ita ce ke rage wa farfesun gidajen abinci daraja. Ana ƙirga kuɗi a kan nama, romo kuwa gyara ne, ana ƙara wa mutum ludayi ɗaya in ya roƙa. Abin da ba a sa masa farashi ba, ba a kashe masa kuɗi. Saboda haka a wurare da dama romon ya koma ruwan zafi da tarugu da dunƙule, alhali shi ne abin da ya fito da mutum daga gida cikin sanyi.

Yana da kyau a fara da bambance zafin yaji da ɗumin jiki, domin a nan ne ake yawan ruɗuwa. Sinadarin da ke cikin barkono da tarugu yana taɓa wata kafa ce a jijiyoyin harshe da fata, wadda aikinta shi ne sanar da ƙwaƙwalwa cewa an taɓa abu mai zafin da ya wuce digiri 43. Masanin Amurka David Julius ne ya gano wannan kafa a 1997, kuma saboda aikin ya samu lambar yabo ta Nobel a 2021. Ma'anar binciken a bakin tukunya mai sauƙi ce: tarugu yana sa jiki ya zaci ya yi zafi, sai ya fitar da gumi don ya huce. Wanda ya sha farfesun da aka cika wa tarugu, ya fito waje da jiƙaƙƙen goshi cikin iskar hunturu, sanyaya jikinsa ya yi. Abin da ke ɗumama mai sha da gaske shi ne zafin ruwan kansa, da maiƙo da sinadarin gina jiki da suka narke a ciki, da tururin da ke jiƙa hanci da maƙogwaron da ƙura ta busar. Duk waɗannan a romo suke.

Romo mai kyau kuwa lokaci yake ci. Ƙafar sa, da jela, da kai, suna ɗauke da jijiya da guringuntsi waɗanda ba sa sakin jiki sai sun shafe sa'o'i a kan wuta marar ƙarfi. A nan ne suke narkewa su ba ruwan kauri, irin wanda ke ɗanko a leɓe, in ya huce ya daskare. Iyaye mata a ƙasar Hausa sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littattafan kimiyya. Ƙaurin da ake dafa wa mai jego ƙafafun sa ne da ake ɗorawa tun dare, su kwana suna dahuwa da kayan yaji, kuma romon ne ake fara miƙa mata. Da Bahaushe ya ce mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa, bai ambaci tsoka ba.

Haka kayan ƙamshin ma suna da tarihin da ya girmi tarugu. Barkono da danginsa daga nahiyar Amurka suka fito, kuma ba su iso Afirka ta Yamma ba sai bayan 1492, ta hannun 'yan kasuwar Turai. Kafin zuwansu, yajin wannan yanki ya dogara ne da masoro, da kimba, da citta mai 'ya'ya, wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har ta shiga kasuwannin Turai. Aka haɗa su da kanumfari da ya zo daga gabas, da citta mai yatsu, da gyaɗar ƙamshi, da daddawar kalwa. Kowanne da aikinsa: kimba tana kashe ƙarnin kayan ciki, kanumfari yana ba da ƙamshin da ke tashi da tururi, masoro yana kawo yajin da ke zuwa a hankali ya daɗe a maƙogwaro. Farfesun da aka yi da waɗannan ba ya bukatar ya sa mutum hawaye kafin a san an sha wani abu.

Adalci ne a faɗi abin da ya tura masu sayarwa ga gajeruwar hanya, domin ba lalaci ba ne. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin dakon dabbobi da na makamashin girki ya tashi, kuma a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin 100. Tukunyar da za ta yi sa'a biyar a kan gawayi ko gas ta fi wadda za a sauke bayan sa'a ɗaya tsada nesa ba kusa ba. A daminar 2023 kuma wata cutar shuka ta afka wa gonakin citta a kudancin jihar, a yankunan Kachia da Jaba da Kagarko, inda mafi yawan cittar Nijeriya ke fitowa, ta lalata amfanin gona mai yawa, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Mai gidan abinci a Unguwar Mu'azu, wanda mahautar Zango ta Tudun Wada ke kusa da shi, ya iske kansa yana auna citta da tsunkule a jihar da ta fi kowace noman ta. Idan ya rage girman tsoka, mai saye zai gani nan take ya yi ƙorafi. Idan ya rage kimba da sa'o'in wuta, ya cike gurbin da dunƙule biyu da tarugu, ba mai cewa uffan. Duk ɗan kasuwa mai lissafi ya san wanne zai zaɓa.

Amma zaɓin yana da hasarar da ba ta bayyana a kwanon. Kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Romon da daɗinsa ya rataya ga dunƙule yana cinye kaso mai yawa na wannan ƙa'ida a zama ɗaya, a birnin da hawan jini ya zama ciwon gida-gida. Sannan akwai batun tukunyar da ake saukewa ta yi ɗumi-ɗumi don a tsimi gawayi, sai mai saye ya zo a ɗan ɗumama masa. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma romon nama na cikin abubuwan da suka fi so. Farfesun da ba ya tururi lokacin da aka zuba shi, barinsa ya fi alheri.

Wani zai ce ɗanɗano ra'ayi ne, kuma akwai masu son farfesun da zai buɗe musu hanci. Gaskiya ne, babu kuma mai neman a kori tarugu daga tukunya. Sai dai yaji abu ne da ake iya ajiyewa a gefe, kowa ya ƙara gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda ake yi a wurin mai tsire. Kaurin romo da ƙamshinsa ba a iya ƙara su a kan tebur. Wani kuma zai ce talaka nama yake nema, domin ba kullum yake samu ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne ma hujja mafi ƙarfi ta gyara tsarin, domin wanda aljihunsa bai kai kuɗin tsoka ba a yanzu ba shi da abin da zai saya a bakin tukunyar ko kaɗan.

Gyaran shi ne a mai da romo haja mai zaman kanta. A rubuta shi a allo da sunansa da farashinsa: kwanon romon ƙafar sa, da burodi ko masa ko gurasa, a kuɗin da ɗan dako zai iya biya, wanda ke son tsoka ya ƙara kuɗi a ƙara masa. Ƙashi da ƙafa sun fi tsokar cinya araha, don haka ribar tana nan. Kuma da zarar romo ya zama abin sayarwa, mai shi zai fara gasa a kansa, ya tsawaita wuta, ya koma wurin mai kayan ƙamshi a Kasuwar Barci. Wannan ba baƙon tunani ba ne a tarihin sana'ar. Kalmar da Faransanci da Turanci ke kiran gidan abinci da ita, asalinta sunan romo ne mai dawo da ƙarfin jiki, wanda wasu shaguna suka fara sayarwa kofi-kofi a birnin Paris cikin shekarun 1760. A Biyetnam da Japan har yau da romo ake auna gwanintar mai dafa taliyar miya, kuma mutane na bin layi saboda shi.

Irin wannan sauyi zai iya buɗe ƙofa ga sauran miyun da suka dace da hunturu amma ake ɗaukar su ƙasa da allon manyan gidajen abinci: miyar kuka mai daddawa da man shanu, busasshiyar kuɓewa, da taushen kabewar da ake samu da yawa bayan kaka. Duk da romo ake ɗora su, kuma ingancinsu daga ingancinsa yake farawa.

Nauyin farko yana kan masu saye da ke da hali, waɗanda ke ajiye mota su aika yaro ya karɓo musu a roba. Su ne mai gidan abinci ke sauraro. Idan suka riƙa tambayar tun ƙarfe nawa aka ɗora tukunya, suka nemi a ajiye musu yaji a gefe, suka yarda su biya kuɗin kwanon romo ba tare da jiran gyara ba, allunan farashi a titin Nnamdi Azikiwe za su sauya kafin hunturu mai zuwa, kuma wani kaso na kuɗin zai isa hannun manomin citta a Kachia.